Zanen Simbok Yana Hannun Kwastan

Kaohsiung, watan Maris

Zuwa ga ƙanena Darmaji,

Assalamu alaikum. Allah ya sa takardar nan ta same ku lafiya, kai da matarka Sriatun da yara. Yaya jikin mahaifiyarmu Simbok? Ka gaishe mini da ita da kyau, ka ce na ce ta daina tsayawa cikin rafi da sassafe tana wanke wa mutane zannuwan gado, tarin nan nata ba zai tafi a haka ba. Ni lafiya lau nake, in ban da bayan nan nawa da ya saba yi mini tsiya.

To, Dik ƙanena, gyara zama ka sha labari. Uwar ɗakina Ama za ta rufe shagon wanki da guga. Tun da mijinta ya rasu jikinta ya yi sanyi, 'ya'yanta kuma babu mai son warin sabulu. Ran nan muna ninke labulen ƙarshe sai ta dafa babban injin gugarmu ta ce, "Minah, 'yan gwangwan za su zo su ɗora shi a sikeli su tafi da shi. Ke kaɗai kika san halinsa. In kina so, ɗauki abinki." Wallahi sai da na nemi wuri na zauna.

Ba ka san shi ba, bari in gaya maka. Doguwar ganga ce ta ƙarfe mai juyawa, tururi ke ɗumama ta daga wata tukunya da ke gefe. Ka sa zanen gado ta wannan baki, ya fito ta wancan sumul. Abin da Simbok ke yini tana yi da gawayi, shi kafin shayinka ya huce ya gama. Ka tuna masaukan baƙin nan na bakin teku da asibitin gari, duk suna neman mai guga. Za mu buɗe shago a gaban gida, kai ka riƙa kula da injin tunda hannunka ya san ƙarfe, ni in riƙa karɓar kaya, Simbok kuma ta hakimce a kujera tana ba da umarni, wanda shi ne aikin da ta fi iyawa bayan guga.

Na riga na aiko shi. Akwatunan katako uku ne, da sunanka, ta hannun mutumin da dukanmu matan nan muke ba wa kwalayenmu. Zai sauka a Surabaya. Ka rufe rumfar gyaran baburanka kwana ɗaya, ka sa wando mai tsabta, ka je ka karɓo. Kada ka tsaya kallon jirage baki buɗe.

Kwantiragina zai ƙare a watan Yuni, kuma wannan karon dawowa ce ta gaba ɗaya. Ka ce wa Simbok ta fara yi wa dutsen gugar nan nata mai zakara a ka bankwana. Za mu riƙa tokare ƙofa da shi.

Yayarki, au, yayarka. Ka ga murna ta sa har na rikice.
Kasminah


Trenggalek, watan Afrilu

Zuwa ga yayata Kasminah,

Wa alaikumus salam, Mbakyu yayata. Mun ga takardarki, duk muna lafiya. Simbok tana nan da sauƙi, tana amsa gaisuwa. Da na karanta mata zancen tokare ƙofa sai ta ce dutsen gugar ya girme ki, ki yi masa magana da ladabi.

Na sa wando mai tsabta na je Surabaya, na dawo da wandon kawai. Wani ejan na samu mai suna Pak Suwignyo, shi ke shiga da fita da takardun mutane a tashar jirgin ruwa. Yana ganin tamu ya cire hula ya sosa kai. An rubuta "kayan gida". Ma'aikatan kwastan suka dubi nauyin akwatunan suka ce a buɗe.

Jami'ar da aka haɗa mu da ita, Bu Winarsih, dattijuwa ce mai tabarau, ba ta da hayaniya. Ta zagaya tukunyar tururin sau biyu, ta dube ni ta ce, "Mas, yayar taka a otal take kwana?"

Na ce, "A'a, Bu, a bayan shago."

Ta yi murmushi, ta ja mini kujera. Ta nuna mini wani littafi mai kaurin bulo, ta ce duk abin da zai shigo ƙasar nan yana da lambarsa a ciki, tun daga allura har jirgi. Dutsen guga na gida lambarsa daban. Injin guga na masu sana'a lambarsa daban. Tukunyar tururi in ita kaɗai ce tana da tata, in kuwa gaɓar injin ce sai ta bi shi. Sai an san ko akwatunan ukun nan inji ɗaya ne da aka wargaza, ko kaya uku ne. Lambar ce ke faɗin harajin, kuma ita ce ke faɗin ko tsohon abu irin wannan yana da izinin shigowa ma tukuna.

Na ce, "To, Bu, ki zaɓa mana mai sauƙin."

Ta ce, "Ba kasuwa ba ce, Mas. Injin ne zai faɗi sunansa da kansa. Ina ɗan allon ƙarfen da maƙera ke bugawa a jikinsa?"

Muka duba sama muka duba ƙasa. Ramukan ƙusa huɗu muka gani, da sabon koren fenti. Mbakyu, ina allon? A kansa ake rubuta wanda ya ƙera, da shekarar, da ƙarfin injin. Ta ce in babu shi, sai takarda daga kamfanin da ya ƙera. Dogon akwatin gangar ba su ma kwance shi ba, sun leƙa sun ga leda, suka mayar da komai suka buga hatimi. Pak Suwignyo ya ce kowace rana da kayan suka kwana a can akwai kuɗin ajiya, amma ba wannan ne ya dame ni ba tukuna.

Akwai saƙo daga Simbok, ta ce in rubuta daidai yadda ta faɗa. "Ka ce wa Minah, zanen batik ɗin nan nawa ruwan ƙasa da na ba ta ranar tafiya, ta aiko mini da shi. Ina so ya kasance kusa." Ni dai na isar.

Ƙanenki,
Darmaji


Kaohsiung, watan Mayu

Darmaji,

Ina gaishe ku duka, da fatan Simbok tana samun sauƙi. Ni kam tun da na karanta takardarka abinci ya daina yi mini daɗi.

Kai yanzu da girmanka aka zaunar da kai a kujera aka yi maka karatu, ka taso ka ce na gode? Da ni ce da sun san Simbok ta haifi 'ya. Kayan gida mana! Mutumin kwalaye haka yake rubuta wa kowa, tukunyar shinkafa ce ko keke. Kuma ƙarya ya yi? Shekara da shekaru ina kwana a ɗakin da bango ɗaya ya raba ni da injin nan. In sanyi ya shigo, jikinsa nake jingina bayana bayan an kashe shi. A kansa nake ɗumama abincina. Ka tambayi mai tabarau, a gidanmu ina aka raba kayan gida da kayan sana'a? Kwandon wankin mutane ba a ƙarƙashin gadon Simbok yake kwana ba?

Allon kuwa ni na ɓamɓare shi. Duk ya yi tsatsa, rabin rubutun ya goge. Na yi yini biyu ina kankare injin ina shafa fenti, don ba na so Simbok ta leƙa ta ce, "Wannan ne abin da suka sallame ki da shi, Minah, tarkace?" Ka san bakinta. Na jefa shi a kwandon shara, motar shara kuma ta daɗe da tafiya da shi. Kada ka ce komai, na riga na zagi kaina da kaina.

Zancen zane kuwa ya ba ni dariya ina tsakiyar fushi. Simbok ba za ta canza ba! Matar da ke bin mutum har gida a kan ƙyallen share hanci. Kyauta ta ba ni, yanzu ta tuna ta ce aro ne. Ka ce ta kwantar da hankalinta, zanenta ma ya riga ni isowa. Yana cikin dogon akwatin, shi na naɗe gangar da shi a ƙarƙashin leda, don kada ta ƙarce, kuma don albarkarta ta raka injin a teku. Ranar da akwati ya fito za ta ga abinta, ko zare bai zare ba.

Ga abin da na yanke. Ba zan taho a Yuni ba. 'Yar Ama ta roƙe ni in ƙara 'yan watanni ina kula da tsohuwar, na amsa. In na bar ƙasar nan, wa zai nemo takardar kamfanin? Kai da ko sunan garin ba ka iya faɗa ba? An ce kamfanin ya daɗe da rufewa, amma mutanen da suka yi aiki a ciki ba duka suka mutu ba. Ba zan sauka a ƙauye da jaka ɗaya ba, matan rafi su ce Minah ta tafi ta dawo da ciwon baya.

Ka yi haƙuri da faɗana. Kai kaɗai nake da shi da zan yi wa.
Kasminah


Trenggalek, watan Yuni

Mbakyu,

Bayan gaisuwa, yara lafiya, Sriatun tana gaishe ki. Simbok tana nan. Cin abincinta ya ragu, ɗan dafaffen rogo da kwakwa take taɓawa.

Na karanta mata takardarki, na tsallake wurin zagina. Da na zo inda kika ce zanen yana Surabaya, sai ta ce, "To, shi ya fi Minah kusa."

Na sake komawa tashar. Bu Winarsih ta gane ni tun daga nesa. Na kai mata tambayarki ta kwandon wanki, da ladabi. Ta yi dariya ta ce mahaifiyarta ma a ɗakin kwana take ajiye turmin yajin da take sayarwa, amma littafin bai san wannan ba. Sannan ta rage murya ta ce, "Mas, ka gaya wa yayarka gaskiya. Takardar da take nema za ta faɗi sunan injin, amma ba lallai sunan ya yi mata daɗi ba. In ya tabbata tsohon injin masana'anta ne, ba kowa ke da izinin shigo da irinsa ba." Pak Suwignyo ma haka ya ce, shi da ba ya son ciniki ya ƙare.

Bari in ba ki labarin gida. Simbok ta daina karɓar wanki. Ta aiki Sriatun ta mayar wa kowa kayansa, ta ba maƙwabciyarmu Mbah Poniyem babban bahonta. Shekaranjiya kuma ta ce in hura mata gawayi. Ta sa aka buɗe akwatinki aka ciro shuɗiyar rigarki ta zuwa biki. A zaune ta yi gugar, tun hantsi har azahar, riga ɗaya. In hannunta ya gaji sai ta ajiye ta huta. Sriatun ta ce, "Mbok, kawo in ƙarasa miki." Ta ce, "Ke? Ki ƙone mata wuya?" Da ta gama ta sa na rataye ta a bayan ƙofar ɗakinki.

Ranar da kika kira a wayar gidan dagaci kin ji muryarta garau, har tana yi miki tsiya. Kin dai san Simbok in ta ga mutane.

Mbakyu, injin ƙarfe ne, zai iya jira. Ki zo yadda kika fara faɗa. Ba wanda zai dubi hannunki.

Darmaji


Kaohsiung, watan Yuli

Dik,

Gaisuwa ga kowa. A tsaye nake rubutun nan, gidan duk a hargitse yake, ana ta ɗaure kaya.

Alhamdu lillahi! Ka ce Simbok ta tashi har ta yi guga? Ka ga abin da nake faɗa, hutu kawai jikinta ke nema. Tunda ta bar rafi ga shi ƙarfinta na dawowa, har da faɗa da Sriatun. Na karanta wurin nan sau uku ina dariya. Rigar ma ban san ko za ta shige ni yanzu ba.

Kai kuma na gane ka. Ka gaji da motar Surabaya, shi ya sa kake ce mini ƙarfe zai jira. Wanda bai taɓa tsayawa a gaban tururi tun asuba har ƙafarsa ta kumbura ba, shi ke cewa ƙarfe ne. Wannan ƙarfen shi ne duk abin da na samu a ƙasar nan. Mai tabarau ta yi ta tsoratar da kai, ni ba ta tsorata ni ba. An ba ni sunan wani tsoho da ya yi aiki a kamfanin, zan neme shi.

Ka saya wa Simbok hanta, ka ce ni na ce ta ci.
Kasminah


Trenggalek, watan Yuli

Mbakyu,

Ba zan tsaya doguwar gaisuwa ba, ki yafe ni. Yara lafiya. Simbok ba lafiya.

Ta sa na yi mata alkawari ba zan faɗa miki ba. Ta ce, "Kada ka tsinke mata aikinta, ta kusa gamawa." Na riƙe alkawarin har na gaji, yau na karya shi, Allah ya yafe mini. Likita ya ce huhun ne, kuma ya ce mu kai ta gida mu yi mata abin da take so. Ba ta iya tashi zaune sai an tallafe ta.

Ke 'yar garin nan ce. Kin san abin da tsohuwa ke nufi in ta ce a kawo zanenta kusa. Shi ta ajiye tun muna yara don a lulluɓe ta da shi ranar da za a yi mata wanka. Ta ba ki shi ne don ta tabbata za ki dawo da shi da hannunki.

Ki bar komai ki taho. Ki taho yanzu.

Darmaji


Tainan, watan Agusta

Zuwa ga ƙanena, injiniyan shagonmu,

Assalamu alaikum! Yaya kowa? Yaya Simbok, ta ci hantar? Shiru ban ji daga gare ka ba, ko fushi kake? Ka lura da sabon adireshi a bayan ambulan. An rufe shagon gaba ɗaya, an yanke waya, mun komo gidan 'yar Ama a nan Tainan. Ban samu na kira gidan dagaci ba, tsohuwar ba ta yarda in matsa ko ƙofa tun da muka zo baƙon wuri.

Dik, na samu! Na samu tsohon. Ranar hutuna na shiga jirgin ƙasa na bi lungu lungu har na same shi yana ba kifayensa abinci. Na nuna masa hoton injin, ya kalla ya kalla ya ce, "Wa ya shafa masa wannan mummunan koren?" Na ce wata mahaukaciya ce. Ya shiga ɗaki ya fito da littafin kamfanin, ga injinmu a ciki da tukunyarsa, da shekarar da aka ƙera shi, da komai. Ya rubuta takarda ya buga jan hatiminsa. Ya ƙi karɓar ko kwandon lemon da na kai masa.

Ga su nan na haɗo. Ka kai wa mai tabarau ka ajiye mata a kan littafin nan nata mai kaurin bulo. Da zarar ka rubuto cewa akwatuna sun fito, zan sayi tikiti. Ka ce wa Simbok ta ƙara haƙuri kaɗan, zanenta na nan tafe a kan babbar mota, da rakiya.

Yau barci zan yi har da munshari.
Kasminah


Trenggalek, watan Agusta

Mbakyu,

Assalamu alaikum. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba. In akwai wani kusa da ke, ki kira shi.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Simbok ta rasu. Takardarki ta murna ta iso washegarin sadakar bakwai.

Na rubuto miki a watan jiya na faɗi komai a fili. Da na ga sabon adireshinki na san takardar tana can a ƙarƙashin ƙofar rufaffen shago. Na kira wayar shagon har mai gidan waya ya fara jin tausayina. Ban san inda zan same ki ba, kuma na yi fushi da ke, na zaci kin karanta kin zaɓi injin. Ki yafe mini wannan zaton.

Da na ga ba ki zo ba, na ce ko zanen in samo mata. Ta tambaye shi ranar Laraba, ta sake tambaya ranar Alhamis. Na shiga motar farko na tafi Surabaya. Na ce wa Bu Winarsih, "Bu, ba injin na zo nema ba. Akwai zane a cikin dogon akwatin, na mahaifiyarmu ne, tana tambayarsa."

Ta cire tabarau ta riƙe a hannu. Ta ce, "Mas, akwatunan a takarda ɗaya suke, ƙarƙashin hatimi ɗaya. Ko allura ba ni da ikon cirewa sai an yanke maganar lamba." Amma ta tashi ta hau sama wurin manyanta, ta daɗe. Da ta sauko idonta ya yi ja. Ta ce in an yanke maganar, zanen ba ya cikin rigimar, kayan jikin mai dawowa gida ne. Sai dai mai shi ce za ta karɓa, da fasfonta a hannu. Ta raka ni har bakin ƙofa tana ba ni haƙuri, kamar ita ta yi mini laifi.

Da na sauka daga mota da la'asar, tun daga bakin lungu na hango kujerun maƙwabta a jere a ƙofar gidanmu. Ta cika bayan azahar. Ke kina can saboda akwatin, ni ina can saboda akwatin, Sriatun ce kaɗai ta riƙe hannunta. Ta ce maganarta ta ƙarshe kafin shahada ita ce, "Motar Surabaya ta iso?"

An jira ni. Na same ta lulluɓe da zanen Mbah Poniyem, wanda ta ajiye wa kanta. Zane ne mai kyau, amma ba nata ba ne, kuma duk matan da ke wurin sun sani. Matar da ba ta taɓa ɓatar wa wani ko safa ba, da zanen aro aka yi mata wanka. Wannan ne ke cin zuciyata, Mbakyu, har yanzu.

Takardun tsohon na kai su, don kada wahalarki ta tafi a banza. Su suka rufe maganar. Sun nuna inji ɗaya ne da tukunyarsa, na masana'anta, kuma ya tsufa ƙwarai. An ba shi lambarsa, lambar kuma ba ta buɗe wa irinmu ƙofa. Ko a mayar da shi inda ya fito, ko mu sa hannu mu bar shi. Ke za ki faɗa.

Rigarki tana nan a bayan ƙofa. Ban bari kowa ya taɓa ta ba.

Ƙanenki,
Darmaji


Tainan, watan Satumba

Dik,

Wa alaikumus salam. Ina raye. Ka gaishe da Sriatun, ka ce ban san da bakin da zan gode mata ba. Ka gaishe da Mbah Poniyem.

'Yar Ama ta je tsohon shagon ta kwaso takardu, ta kawo mini taka ta watan Yuli. Na karanta ta bayan wadda ta biyo ta. "Ki taho yanzu." Na yi ta kallon kalmomin nan kamar akwai sauran yanzu.

Ba abin da zan yafe maka. Ka faɗa mini tun a Afrilu, ka sake faɗa a Yuni. Ni da na tsaya a bayan Simbok ina miƙa ruwa ranar da aka wanke kakarmu, na ga zanen da aka lulluɓe ta da shi. Na sani, Dik. Kaina ne ya cika da ƙarfe har na karanta na yi dariya na ce rowa ce. Da hannuna na ɗauki zanen na naɗe ganga da shi, ina jin daɗin dabarata. Zuciyata ta karye, ban san yadda ake ɗaukarta a shiga jirgi ba, amma zan shiga.

Ka sa hannu ka bar musu injin. Kada ka sake ambata mini shi.

Na sayi tikiti, zan iso kafin sadakar arba'in. Kada ka zo tarbata. Daga filin jirgi tashar ruwa zan wuce da fasfona, in ga Bu Winarsih, in ba ta haƙurin sunan da na yi ta kiranta, in karɓi zanen. Ni aka ba, ni zan kawo shi gida.

Na san zai yi warin man inji. Zan wanke shi a rafi, a kan dutsen Simbok. In ya bushe zan ninke shi in sa a ƙasan akwatina, in nuna wa Sriatun wurin, don kada ranar tawa ta zo a yi ta nema.

Ka duba mini dutsen gugar, in marfin zakaran ya saki ka ɗaure shi. Kuma ka sayo gawayi.

Yayarka,
Kasminah